Janareta mara shan mai: sabuwar fasaha ce, ko batir ne ya sha babbar riga?

Shin akwai janaretan da zai ba da wuta dare da rana ba tare da ya sha fetur ko man gas ba, kuma ba ya jiran rana ko iska? Tambayar ke nan da ke tasowa duk lokacin da irin bidiyon nan ya zagaya WhatsApp ko TikTok: matashi a tsakar gida ko a bakin shago, ga wani inji an ɗaure shi a kan ƙarafa, ya murɗa makunni, inji ya ɗauki gurnani, ƙwai ya kama, fanka ta fara juyi. Mai ɗaukar bidiyon na roƙon a yaɗa har ya kai kunnen gwamna. Kafin magariba jama'a sun rabu gida biyu. Masu yabo na cewa ga ƙwaƙwalwar da Allah ya ba yaranmu amma babu mai tallafa musu, masu suka na cewa damfara ce tsagwaronta. A ganina duk sun yi gaggawa, domin kaɗan ne cikinsu suka tsaya suka tambayi abin da ke gudana a cikin ƙarfen da ke juyawa.

Abin da ya sa maganar ta samu kasuwa

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. A Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A, waɗanda aka fi ba wuta, daga kusan naira 68 zuwa 225 kowane yunit. Mai aski, tela, mai walda, mai ƙanƙara, mai cajin waya, duk abincinsu a bakin janareta yake. Ga kuma hayaƙinsa da ke halaka iyali guda a dare ɗaya idan an kwana da shi a rufe. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Mafarkin kansa ya girmi janareta nesa ba kusa ba. A ƙarni na 12 masanin lissafin Indiya, Bhaskara, ya siffanta wata ƙafa da aka ɗura wa zaiba wadda ya zaci za ta yi ta juyawa da kanta. Turawa sun kwashe ɗaruruwan shekaru suna gwada irinta, har a 1775 Cibiyar Kimiyya ta Faransa ta ce ta daina duba duk wata takarda da ke iƙirarin injin da ba ya tsayawa.

Moto da janareta: Ɗanjuma ne da Ɗanjummai

Moton da nake nufi ba babur ba ne, kamar yadda mutanen Nijar ke kiransa. Shi ne abin da ke cikin fanka, da injin niƙa mai amfani da wuta, da sumon da ke jawo ruwa daga rijiyar burtsatse: ka ba shi lantarki, ya ba ka juyi. Janareta kuwa ka ba shi juyi, ya ba ka lantarki. Abin da muke kira janareta a gida ma abu biyu ne aka haɗa. Akwai injin da ke ƙona fetur, akwai kuma altanetar da yake juyawa, ita ce mai fitar da wutar.

Asalin su biyun ɗaya ne. A 1820 Hans Oersted ɗan ƙasar Denmak ya lura cewa in lantarki ya bi ta waya, allurar kamfas da ke kusa, irin wadda ake duba alƙibla da ita, takan karkace. Wato lantarki na haifar da maganaɗisu. A 1821 Michael Faraday a Landan ya yi amfani da wannan ya sa waya ta dinga zagaye maganaɗisu, kakan kowane moto ke nan. Bayan shekara 10, a 1831, ya gano juyin maganar: in ka motsa maganaɗisu kusa da naɗin waya, lantarki na tasowa a cikin wayar. Daga ɗan ƙaramin Tiger da ke bayan shago har manyan injinan Kainji da Shiroro, a kan wannan suke tsaye. Ka buɗe kowanne za ka ga gida da ba ya motsi, da abin da ke juyawa a tsakiya wanda masu gyara ke kira amecha, da naɗin jan ƙarfe, da ɗan siririn sarari tsakaninsu. Moto guda yana iya zama janareta in ka juya shi da hannu ko da wani inji.

To a nan ne shaiɗan yake raɗa wa mai basira: tunda wannan na haifar da wancan, wancan na haifar da wannan, me zai hana a haɗa su baki da baki su yi ta ciyar da juna?

Kukan janareta ya riga ya ba da amsa

Duk mai janareta ya san wannan ko da bai taɓa shiga ajin kimiyya ba. Inji na tafiya lafiya ƙalau, sai wani ya jona dutsen guga, nan take murya ta canza, ya yi nishi kamar jakin da aka ƙara wa buhu. Me ya taɓa shi? Babu wanda ya riƙe amecha da hannu. Lantarkin da ya fara gudana a cikin naɗin ne ya haifar da nasa maganaɗisun, shi kuma wannan sabon maganaɗisun turjiya yake yi wa juyin da ya haife shi. Emil Lenz ne ya fayyace wannan ƙa'ida a Rasha a 1834. Iya wutar da ka ja, iya nauyin da altaneta za ta yi wa mai juya ta. Wanda ya yi zamani da keke mai dinamo ya san ƙafarsa ce ke biyan kuɗin hasken fitilar.

Saboda haka altaneta ba ta ƙirƙirar makamashi, canza masa kama kawai take yi. A Kainji, wadda aka kammala a 1968, nauyin ruwan Kwara ne ke biya. A Egbin ta jihar Legas iskar gas ce. A Lambar Rimi ta jihar Katsina iska ce. A bayan shagonka fetur ne. Duk inda ka ga wuta, akwai mai biya.

Lissafin 'yan canji

Ka ɗauki naira 100,000 ka je Wapa a Kano ka canza ta zuwa sefa, ka tsallaka rumfar gaba ka mayar da sefar naira. Abin da zai dawo hannunka bai kai abin da ka fito da shi ba, domin kowane ɗan canji ya ciri nasa. In ka yi ta zagayen sau goma, da ƙafa za ka koma gida.

Haka injin da ake nunawa a bidiyo yake. Tsarin kusan ɗaya ne ko'ina: batir ya ba moto wuta, moto ya juya altaneta ta hanyar bel, altaneta ta ba gida wuta, a kuma ja wani kaso ta caja a mayar wa batir. Mu yi masa adalci mu ce moton na fitar da kashi 80 cikin 100 na abin da ya karɓa, altanetar ma haka. Batir ya ba da 100, moto ya miƙa 80, altaneta ta fitar da 64. Ko da ba a kunna ƙwai ɗaya ba, aka mayar da 64 ɗin gaba ɗaya, caja da batirin kansa za su ciri nasu, abin da zai zauna bai fi 50 da 'yan kai ba. Rabi ya tafi a zagaye ɗaya. Ina ya tafi? Ka ɗora hannu a bayan moton bayan awa guda, za ka ji shi. Zafi ne, da ƙara, da iskar da fankar sanyaya shi ke kaɗawa. In kuwa altanetar mota aka yi amfani da ita, kamar yadda aka saba, lissafin ya fi haka muni, don ita da ƙyar take wuce kashi 60.

To yaya aka yi yake aiki a bidiyo?

Yana aiki mana. Gani ya kori ji, amma gani na minti uku ba ya korar lissafi. Batir mai bolt 12 da ampiya 200 na ɗauke da wat 2,400 na tsawon awa guda, wato yunit 2.4 irin na mita. Ƙwayayen zamani biyar da fanka da talabijin ba su wuce wat 200 ba. Irin wannan kaya batirin zai riƙe su sa'o'i, ya isa a ɗauki bidiyo, ya isa a gwada wa mai saye, ya isa a karɓi kuɗi.

Abin takaicin shi ne batirin nan da a ce inbata aka jona masa kai tsaye da ya fi daɗewa. Batir mai ruwa ba a so a zuƙe fiye da rabinsa in ana son ya yi ƙarko, wato wat 1,200. Ta inbata mai kyau zai riƙe kayan wat 200 sama da awa biyar. Ta hanyar moto da altaneta bai kai awa huɗu ba. Mai saye ya biya kuɗin moto, da altaneta, da bel, da walda, don kawai a rage masa wuta a ƙara masa ƙara. Sannan da yake an gaya masa injin na cajin kansa, zai bar batirin ya zube ƙasa warwas sau da yawa, cikin 'yan watanni ya mutu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ba na cewa duk mai haɗa irin wannan inji maƙaryaci ne. Na taɓa zama da wani yaro mai gyaran fanka da ya haɗa nasa, kuma har zuciyarsa ya yi imani saura ƙiris ya cimma gaci: in ya samu batir sabo, in ya canza girman fuli, in ya ƙara kafasita. Kullum saura ƙiris. Wannan ƙiris ɗin shi ne ba ya cika. Akwai kuma waɗanda suka san gaskiya sarai suke ɓoye waya ko ƙarin batir a cikin akwati, su kam sunansu daban.

Hujjojin masu kare shi

Wadda aka fi kawowa ita ce ta mota: ai mota na tafiya tana cajin batirinta. Gaskiya ne, amma fetur ne ke juya injin da ke juya altanetar. Tanki ya ƙafe, caji ya tsaya. Motoci masu lantarki ma da ke mayar da ɗan caji in an taka birki, guntun abin da suka kashe wajen ɗaukar gudu suke tsinta, ba riba ba ce.

Sai masu cewa sirrin na cikin maganaɗisu, musamman mai ƙarfin nan na niyodimiyam da aka ƙirƙiro a farkon shekarun 1980. Maganaɗisu na da ƙarfin ja, amma ƙarfin ja daban, makamashi daban. Ginshiƙi na riƙe da rufin soro shekara hamsin bai taɓa kunna ƙwai ba. Abin da maganaɗisu ya ba ka lokacin da ya jawo ƙarfe, sai ka biya shi cif kafin ka raba su. Faifan ƙarfe mai nauyi da wasu ke ɗaurawa a jikin sandar da ke juyawa shi ma rumbu ne, ba gona ba: abin da aka zuba masa yake fitarwa.

Hujja ta ƙarshe ta fi daɗin faɗi a majalisa: Turawa da kamfanonin mai ne suke danne fasahar. Ni wannan ba ta shige ni. Kamfanonin sadarwa na ƙona man gas dare da rana a turakunsu da ke faɗin ƙasar nan. Masana'antun Sharaɗa da Bompai da Chalawa kuɗin wuta na neman durƙusar da su. Da abin na yi, su ne za su fara layi da buhunan kuɗi, kuma da tuni 'yan Chana sun cika Sabon Gari da shi har da mai launin ja da shuɗi.

A ware wani abu guda. Wasu na kiran haɗin sola da batir da inbata "janareta mara mai". Wannan halas ne, sai dai sunan ne ke ruɗarwa. Man sa rana ce.

Ainihin aikin mai tsara moto

Injiniyan da ke zana moto ko janareta ya san ba zai taɓa kai 100 ba, don haka rayuwarsa kaf a kan rage kason ɗan canji take ƙarewa. Nan ne basira take da wurin zuwa.

Asara ta farko a waya take. Lantarki na ɗumama duk wayar da ya bi, kuma in ampiya ta ninka sau biyu zafin sau huɗu yake ninkawa. Maganinta waya mai kauri, amma ramin da ake cusa naɗin yana da iyaka, jan ƙarfe kuma tsada gare shi. Alminiyam ya fi araha, sai dai abin da yake iya ɗauka bai wuce kashi 61 na jan ƙarfe mai kaurinsa ba. Asara ta biyu a ƙarfen gidan take. Maganaɗisun da ke kai da komo sau 50 a daƙiƙa yana tayar da wasu ƙananan igiyoyin lantarki a cikin ƙarfen kansa, suna zagaye a banza suna dafa shi. Shi ya sa in ka fasa moto ba za ka ga dunƙulen ƙarfe ba, sai siraran faranti da ba su fi rabin milimita ba, an jera su kamar takardun littafi, kowanne da shafin kariya tsakaninsa da ɗan uwansa. Sai gogayyar boris, da iskar fanka, da sararin da ke tsakanin amecha da gida: ya yi faɗi moto ya sha wuta, ya yi ƙunci amecha ta goga.

Gudu ma ba da ka ake zaɓarsa ba. Wutarmu a Nijeriya da Nijar zagaye 50 take yi a daƙiƙa. Altaneta mai kawunan maganaɗisu biyu dole ta juya sau 3,000 a minti kafin ta ba da haka, shi ya sa ƙananan janaretoci ke ihu kuma suke saurin tsufa. Mai kawuna huɗu 1,500 ta ishe ta, irin ta manyan janaretocin man gas ke nan masu gurnani a natse. Injin madatsar ruwa da ke juyi sau 150 kacal a minti sai an jera masa kawuna 40. Moton da ya fi yawa a duniya kuwa, wanda Nikola Tesla ya yi wa rajista a Amurka a 1888, Mikhail Dolivo-Dobrovolsky kuma ya fitar da mai layi uku a Jamus a 1889, kullum yana ɗan bin bayan wannan gudu. In ka ga an rubuta 1,440 a farantin jikinsa a maimakon 1,500, ba kuskure ba ne, da wannan ɗan jinkirin yake samun ƙarfin ja.

Bayan kusan shekara 200 ana wannan gumurzu, janaretocin manyan tashoshi sun haura kashi 98. Manyan moto na masana'antu na wuce 90. Ƙananan da ke cikin gidajenmu na can ƙasa sosai. Tunda kusan rabin lantarkin duniya moto ne ke shanye shi, kashi ɗaya da aka ceto ba ƙaramar dukiya ba ce. Yaron da ya iya haɗa moto da altaneta a tsakar gida ya riga ya san rabin wannan aikin da hannunsa. Abin da ya rage masa mita ce ta awo da wanda zai zaunar da shi ya nuna masa lissafin, kuma wannan ne tallafin da ya kamata a yi ta kururuwa a kai, ba a kai shi gidan gwamnati a ɗauki hoto ba.

Inda abin ya taɓa aljihunka

Sanin waɗannan abubuwa na tsare kuɗi ko da ba ka taɓa sha'awar injin mara mai ba. Lambar kVA da ake rubutawa a jikin babban janareta ba ita ce wat ɗin da zai ba ka ba, akan ninka ta da 0.8, wato mai kVA 10 kilowat 8 ne. Moto kuma a lokacin tashi yana jan ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ci in ya daidaita. Sumo mai ƙarfin doki ɗaya wat 746 ne a takarda, amma janaretan wat 1,000 zai shaƙe in ya zo tayar da shi. In wuta ta zo da rauni, moto ƙarin ampiya yake ja don ya cike giɓin, naɗin ya yi zafi, shafin da ke jikin wayar ya soye. Mafi yawan moto na yau an yi shafinsu ya jure digiri 155, kuma ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce duk ƙarin digiri 10 na rage rabin kwanansa. A zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri, moton da ƙura ta toshe wa hanyar iska ya fara ƙirga kwanaki.

In ya ƙone ka kai wa mai naɗin koyil, ka tsaya a kan abu uku. Kada a babbaka gidan a wuta mai ci don a ciro tsohuwar waya, hakan na cinye kariyar da ke tsakanin farantan, moto ya dawo yana zafi ko ba kaya. A auna kaurin tsohuwar wayar a ƙirga naɗinta a mayar daidai. Sannan ka kankare bakin sabuwar wayar da wuƙa ka gani, domin akwai alminiyam da ake yi wa shafin ja, ciki fari fat.

Wanda kuma aka kawo wa tallan janareta mara mai, ba sai ya yi musu da kowa ba. Ya tambayi batir nawa ne a ciki da girman kowanne. A fito da injin fili, inda babu wayar da ta shiga ta ƙarƙashi, a buɗe akwatin kowa ya leƙa. A jona masa ƙwayaye goma irin na da masu wat 100, kada a yarda da dutsen guga don shi yana ɗaukewa yana kawowa. Batir ɗaya mai ampiya 200 ba zai kai su awa biyu da rabi ba, batir biyu ba za su kai biyar ba. A kunna bayan sallar isha'i, ka ce za ka kawo kuɗin gobe da hantsi in ka tarar suna ci.